Mai Jinya da Mai Jan Kallabi

Masu bin labarina, ina gaishe ku, manya da yara. Wanda yau ya fara shigowa, ni ne Arzika Direba na Tambuwal, shekara saba'in da fuɗu, kuma har gobe ba a kama mini hannu in zan hau mashin. Ni nika faɗi, Ɗangiwa mai gyaran waya shina rubutawa a rumfarsa ta bakin tasha. In kun ji Hausar ta karkata wajen ta rediyo, hannunsa ne, ba bakina ba.

Yau Laraba. Jibi Juma'a, bayan an sauko, Malam Lauwali na Kebbe zai sanar da wanda ƙanwarsa Atu ta zaɓa: ko ni, ko Jumare, wani tsohon ma'aikacin sakatariya mai mota ruwan toka da turaren da ke riga shi shiga zaure. Har ranar Lahadi ni ke gaba, duk Kebbe an sani. Ranar Litinin na yanka kaina da bakina.

Ku fara sanin Atu. Shekararta hamsin da takwas, gidansu gidan karatu ne tun kakanni, ita kanta tana koyar da matan aure da hantsi. Mijinta na fari ɓarin jikinsa ya shanye, ta yi shekara tara tana juya shi, tana wanke shi, tana ba shi kunu a cokali har Allah ya karɓi abinsa. Ranar da na fara zuwa zance, tana zaune a kan tabarma cikin atamfa ruwan ƙasa da farin hijabi, ko gaisuwa ba mu gama ba ta dubi ƙafata ta ce, "Malam Arzika, in mai jinya kake nema, na gama nawa rabon. In abokiyar hira ce, sai mu gani."

Na rantse mata hira nika nema. Gaskiya na faɗa. Shekara shida da rasuwar uwar ɗiyana, abin da ke cina ba ƙafa ba ce, shirun tsakar gida ne bayan la'asar.

To, ƙafar nan ita ta jawo wasan. Bara ta kumbura, ciwon suga, na yi wata uku a zaune. Ni da na ɗauki siminti daga Ikko zuwa Sakkwato zamanin da kuɗin mai ya cika ƙasa, mota ta kife da ni sau uku, a Yawuri har an yanka mini likkafani na tashi na nemi fura, wai ni ne a zaune ina korar ƙuda. Ɗangiwa ya ji tausayina ya sa mini wani wasan yaƙi a waya. Fili ne gida-gida kamar ramukan dara. Ka zaɓi mayaƙa biyar, kai ka taka, abokan gaba su taka. Akwai mai garkuwa, da masu takobi, da mai mashi, da wata maharbiya mai jan kallabi wadda kibiyarta ke tsallake gida biyar. Akwai kuma wata mai farin mayafi da gora a hannu, ba ta sara ba ta harbi, sai dai ta ɗaure wa wanda anka sara rauni. Mai jinya muke ce mata. Turancin da ke fitowa ban san shi ba, ban kuma nemi sani ba. Da riga nika gane kowa. Mutumin da ya shekara arba'in ba a cinye shi a dara ba, wannan wasa ba zai gagare shi ba, cikin wata biyu na wuce samarin tasha.

Sai na zo wata gada na tsaya. Kwana goma sha ɗaya.

Ranar Lahadi muna rumfar Ɗangiwa, Malam Atiku, malamin firamare, wanda shi ne shugaban guruf ɗinmu na masu wasan, ya leƙa wayata ya girgiza kai.

"Baba Arzika, takobi fuɗu da baka ɗaya ba runduna ba ce. Mahauta ne sunka fito kasuwa."

Na ce, "Wanda ya riga sara ba shi neman magani."

"Wa ke riga sara a kan gada? Mutum biyu take ɗauka a jere. Na baya kallo suke, kibau na sauka a kansu. Garkuwa gaba, mashi a bayansa tunda shi gida biyu yake kaiwa, mai jinya can ƙarshe. Tsarin ke nan."

Ɗangiwa, da waya a buɗe a gabansa yana hura mata iska, ya ce, "Ni laifin masu wasan nika gani. Sun ba mai jinyar nan ƙarfi ya yi yawa. Duk inda ka je sai da ita, to ina zaɓin yake?"

"Zaɓin shi ne wa za ka fitar don ta shiga," in ji Malam Atiku. "Nan ake gane mai tunani."

Na ce, "Gurbi ɗaya cikin biyar in ba wadda ko kaza ba ta kashewa? Tana cin taku ɗaya kamar kowa, ba ta rage maka maƙiyi ko ɗaya. Ku ne anka haifa a asibiti. Mu da munka yi hanyar Ikko, in tsohuwar taya ta fashe ciyawa muke cusa mata mu wuce."

"Shi ya sa ka kife sau uku, Baba."

Anka yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin da hantsi, ina ɗakina ni kaɗai, na fitar da mai jan kallabi na sa mai jinya, na musanya takobi biyu da garkuwa da mashi. Wallahi kamar an buɗe mini ƙofa. Mayaƙina na gaba da kullum ke faɗuwa a taku na uku ya tsaya kamar kuka, na ci rabin gadar. Abin da ban sani ba, wasan yana nuna wa abokai rundunar da kake yaƙi da ita. Kafin azahar guruf ya cika da murya. Malam Atiku har da waƙa, wai zaki ya je kemis.

Raina ya ɓaci. Na danna na yi magana. Ga abin da na faɗa, ba ragi, don yanzu na hardace shi kamar Fatiha:

"Ku ji ni da kyau. Mai jinyar nan dole ce ta sa na ɗauke ta, ba so ba. Ba ƙarfi, ba ado, ba ta iya komai ba sai ɗaure rauni. Ta tsaya baya ta yi aikinta, ni in ci suna. In na haye, na samu kaina, ajiye ta zan yi in ɗauko mai jan kallabi. Ita nika so tun farko."

Na aika. Na ajiye waya na yi alwala.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa muku ba, Ɗangiwa kaɗai ya sani. Ban iya karatu ba. Ko baƙi ɗaya, na boko ko na allo. Ina ɗan shekara bakwai anka tura ni bayan shanu, daga shanu sai karen mota. Surorin salla da kunne na ɗauke su. A waya da hoto nika gane mutane. Guruf ɗinmu hoton doki ne, Atu hoton furen rama. To watan Mauludi muke ciki. Malam Atiku ya cire doki ya sa koriyar ƙubbar Madina. Atu ita ma, a daren Lahadi, ta cire fure ta sa ƙubbar nan dai. Biyu a jere, sama da ƙasa, kamar tagwaye.

Na idar da salla na ga ba wanda ya tanka mini a guruf, sai rubutu layi ɗaya. Na ja ƙafa zuwa tasha. Ɗangiwa ya karɓi waya, ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau.

"Baba, wa ka aika wa muryar nan?"

"Ku mana."

"Kebbe ta tafi."

Na ce ya karanta. Ya karanta da ƙaramar murya: "Allah shi ba ka lafiya ka haye. Ka gaishe da mai jan kallabi."

Na zauna a kan benci ban san na zauna ba. Na ce ya goge. Ya ce an riga an ji, mi za a goge? Na kira sau tara ba a ɗauka ba. A na goma hotonta ya ɓace gaba ɗaya, sai wani farin kai marar fuska.

Kafin magariba ɗiyata Hindatu ta kira daga Dogon Daji, inda take aure.

"Baba, wace ce mai jan kallabi?"

"Ke ma kin ji?"

"Matan gidan Malam sun ji, to wa ya rage? Baba, da girmanka? 'Yar wace unguwa ce?"

"Ba mutum ba ce."

"Aljana ce?"

"Hindatu, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"Ni dai ka je ka ba da haƙuri. Ina da ɗiya biyar, ban iya zuwa Tambuwal kullum in wanke maka ƙafa. Matar nan ta san jinya, irinta muke nema."

Kun ji irin maganar. Wannan bakin nata ne, a wajen wani suna a Kebbe, ya fara sa wa Atu shakka tun watan jiya. Ni kuma na zo na buga hatimi.

Talata da sassafe na sa farar shaddata mai aska biyu, wadda na ajiye don Juma'a, na ɗaura rawani, na hau motar Kebbe. Duk hanya lissafi nika yi kamar a wasa: in na taka nan, mi za a taka mini? In na yi shiru, ni mayaudari ne. In na faɗi gaskiya, sai in buɗe cewa tsoho mai jikoki wasan yara yake yi a waya, ni da na ce wa Atu tafsiri nika saurare. Kowane gida na duba, akwai kibiya a kansa.

Na iske motar Jumare a ƙofar gida, shi kuma yana fitowa daga zaure yana gyara hula.

"A'a, Direba. Ya ƙafa? An ce ana samun sauƙi, har an fara zaɓen kallabi."

Da shekara ashirin baya ne, da ya koma gida ba haƙora. Na ce, "Lafiya lau," na wuce.

Malam Lauwali na zaune a kan buzu, littattafai jere a bayansa har rabin bango, ƙwaryar fura a rufe da faifai a gefensa. Bai ce a ba ni ba. Munka gaisa gajere.

"Allah shi gafarta Malam, kuskure anka yi."

"Muryar ba taka ba ce?"

"Tawa ce."

"To kuskuren a ina yake? A faɗin, ko a jin?"

Na ciro waya.  Na buɗe wasan na miƙa masa. Kiɗan yaƙi ya tashi a zauren da ba a taɓa jin komai ba sai karatu.

"Ga mai jinyar, Malam. Ga mai jan kallabin. Zane ne."

Ya riƙe wayar nesa da fuska ya daɗe yana kallo. "Wannan ne tafsirin?"



Sai murya ta fito daga bayan labulen ƙofar cikin gida. "Yaya, a miƙo mini in gani."

Ashe tana nan tun shigowata. Ta ɗaga labule ta zauna a bakin ƙofa, hijabi ruwan toka, ba lalle ba kwalli, idonta a kumbure. Ni na jawo wannan. Ta karɓi waya ta duba filin gadar.

"Wannan mai farin mayafin ce?"

"Ita ce."

"Mi ya sa ta ke can ita kaɗai?"

"Nan ne wurinta. Baya."

"Wa ke tsare ta in an zagayo?"

Na duba. Gida uku ne tsakaninta da mai mashi, ba kowa a gefenta. Na ce, "Ba a cika zagayowa ba."

"Ana zagayowa," ta ce. "In ita anka sara, wa ke ɗaure mata?"

"Ba kowa. Ba ta iya yi wa kanta."

"To wanda ya ƙera wasan nan ya taɓa jinya."

Malam Lauwali ya yi gyaran murya. Ni kuwa zuciyata ta ɗan sauka, don na ga ta yarda zane ne. Na fara cewa, "Kin gani ke nan, Atu, ba da ke nika ba," sai ta ɗaga hannu.

"Na yarda ba da ni kake ba. Amma haka kake ganin mai wannan aiki, ko a zane. Wannan mu ajiye shi tukuna. Abu ɗaya ban gane ba. Sunana a rubuce yake a saman waya. Ya anka yi ka ɗauke ni taron maza?"

"Hoton ne iri ɗaya."

"Hoton. Sunan fa?"

Na ce ido ne, tsufa. Ta juyo da wayar ta nuna mini wani rubutu manya-manya a ƙarƙashin mai jinya, wanda ko daga bakin titi za a gani.

"Mi anka rubuta nan? Ba ma'ana nika tambaya ba. Baƙin farko kawai."

Jama'a, na ga mutuwa ido da ido ban sunkuyar da kai ba. A zauren nan na sunkuyar.

"Ban iya ba."

"Boko?"

"Duka."

Wata akuya na kuka a cikin gida. Na jira Malam ya yi dariya ko ya yi salati, bai yi ko ɗaya ba. Atu ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali.

"Rashin karatu ba abin kunya ba ne, mata arba'in nika koya wa, wata ta girme ka. Amma wata biyar ina rubuto maka saƙo. Kana amsa mini da murya, daidai da abin da na rubuta. Wa ke karanta maka?"

"Wani amini."

"Namiji?"

"Mai gyaran waya ne. Ba shi da surutu."

"A tasha."

"A tasha."

Ta rufe fuska da gefen hijabi. Abin da ke cikin saƙonnin nan ba zan faɗa muku ba, ko an sa mini wuƙa. Magana ce ta macen da ta shekara tara ba wanda ya tambaye ta ya ta kwana, ta samu wanda take zaton shi kaɗai ke ji. Ɗangiwa da ke rubuta wannan ya sunkuyar da kai, ya ce in faɗa muku bai taɓa maimaita ko kalma ba. Na yarda da shi. Amma ba shi ta rubuta wa ba.

Na ce, "Atu, tsoro ne. Gidanku gidan littafi, Jumare da biro uku a aljihu. Na ce in kin sani, ba ki ko kallona."

"Sai ka zaɓar mini."

Ta tashi ta shige. Na zauna kamar an dasa ni. Malam Lauwali ya buɗe faifai, ya tura mini ƙwaryar fura, ya ce, "Sha. Hanya da nisa." Ban san ko rahama ce ko sallama ba.

Can ta dawo da takarda, fallen littafin 'yan makaranta, a ninke fuɗu. Ba ta ba Malam ba, ni ta miƙa wa.

"Amsata na ciki. Ko Yaya bai san ta ba. Wannan kai za ka karanta da idonka. Ka tambayi sunan baƙi wurin wanda ka ga dama, ɗaya-ɗaya, ka zana a ƙasa a faɗa maka. Amma haɗawa kai za ka haɗa. In wani ido ya ga takardar nan, ko mi ke ciki, na janye shi."

"Kwana uku ne fa zuwa Juma'a."

"Ka ce ba a taɓa cinye ka a dara ba."

Ga ni yau a rumfar Ɗangiwa, takarda na aljihun ƙirji, na sa mata allurar kwalliya don kar ta faɗi. Wasan ban buɗe shi ba tun jiya. Layi uku ne, rubutunta ƙanana a manne da juna kamar jerin tururuwa, ban gane inda kalma ta ƙare wata ta fara ba. Da safe na je makarantar Malam Atiku, na juya masa baya na leƙa, na zana baƙin farko a ƙasa da tsinke: sanda a tsaye da ƙafa biyu a gefe. Ya ce sunansa ka-ka-ka, irin na farkon kare. Na biyun na kai wa mai kemis, don kar mutum ɗaya ya tara su: ɗan ƙwai mai wutsiya. Ya ce "a" ne.

Na haɗa da kaina a bakin titi. Ka. Abu na farko da na karanta a duniya. Har na fara murmushi, na ce "ka zo" ne, mi ya rage? Ina taku uku sai na tsaya cak, don na tuna "kada" ma da haka take farawa.

Baƙi na uku na gan shi, na riƙe kamanninsa a kai. Tun azahar Ɗangiwa ya share mini ƙasa a gaban rumfa ya miƙo tsinke. Na ce ya bari in sha ruwa tukuna. Kofi na fuɗu ke nan a hannuna.